Manta-Uwa da Murucin Bisa: Gane Tsirran Okid ta Hanyar Kara da Ganye

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shimfiɗar mai magani a kasuwar Shuwarin, ko wata kasuwar ƙauye a ƙasar Dutse, ya san irin abin da ake bajewa: saiwoyi, da sassaƙe, da ƙullin busassun ganyaye, da 'yan guntayen kara. Da wuya a ga fure cikin hajar. Masana ilmin tsirrai kuwa galibi da fure suke rarrabe dangi da dangi, balle dangin nan da Turawa ke kira okid, wanda kusan duk shahararsa a duniya ta kyawun fure ce. Ga shi kuma furen ba ya wuce 'yan makonni a shekara. Sauran watannin duka, kara da ganye da saiwa kaɗai mai neman sani zai tarar. Saboda haka wannan maƙala za ta duba yadda ake gane tsirran wannan dangi ta karansu da ganyensu, sa'an nan ta auna sunaye biyu da Hausawa suka ba ɗaya daga cikinsu.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan ɗalibin Hausa da aikin 'yan kimiyya. Amsa ita ce sunan tsiro kalma ce, kuma ba a gama sanin kalma ba sai an san abin da take nufi a daji. Ban da haka, ɗaya daga cikin sunayen nan sunan magani ne da ake ba yaro a lokacin yaye. Idan suna ɗaya ya hau kan tsirrai biyu da ba su haɗa komai ba, to, sanin wanne ne wanne ya wuce batun ƙamus.

Dangin da Hausa ba ta ba suna ɗaya ba

Masana sun ƙidaya iri kimanin 28,000 a cikin dangin okid, watau yana cikin manyan dangogin tsirrai masu fure a duniya. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar maraina, domin wasu daga cikin masu fitowa a ƙasa suna da 'yan dunƙulen saiwa guda biyu a gindinsu. Larabawa ma ta nan suka kalle su, suka ce da su marainan yanyawa, kuma daga garin wannan saiwa ake dama abin shan nan na lokacin sanyi da ake kira sahlab a ƙasashen Larabawa da Turkiyya. Ƙamshin banila da ake ji a biskit da kek shi ma daga 'ya'yan wani okid mai yaɗo ake samunsa, wanda asalinsa ƙasar Meziko ce, amma aka fi nomansa a Madagaska.

Bahaushe bai tara waɗannan tsirrai ƙarƙashin kalma ɗaya ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Yawancinsu masu son laima ne da inuwa. A Nijeriya sun fi yawa a kurmin kudu da tsaunukan Jos da Mambila, suna raguwa gwargwadon yadda aka nufo arewa. Ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun kuwa daminarta gajeruwa ce, wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara rani ne da hunturu. A irin wannan ƙasa, wuraren da ya kamata mai nema ya sa ido su ne inuwar da ke tsakanin duwatsu, da gefen fadama, da rassan tsofaffin itatuwa na bakin rafi.

Wanda ya fara tattara sunayen tsirrai na Hausa da yawa tare da sunayensu na kimiyya shi ne Dokta J. M. Dalziel, wani likita mutumin Sukotlan da ya yi aiki a Arewa. Ya tara samfurin tsirrai masu yawa a ƙasar Katagum, maƙwabciyar Jihar Jigawa ta yau, da kuma Sakkwato. A shekarar 1916 ya fitar da ɗan littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. A cikin aikinsa ne aka adana sunayen nan biyu, manta-uwa da murucin bisa, ga wani okid da ke zaune a kan itace.

Kara

Abin da za a fara dubawa shi ne yadda tsiron ke girma, domin hanya biyu ce kawai, kuma duk ɗan ƙasar Dutse ya san misalin kowacce. Ta farko hanyar dabino ce. Kara ɗaya ne, yana ta tsawo daga kai shekara da shekaru, sabon ganye na fitowa daga sama, tsoho na mutuwa daga ƙasa. Okid masu wannan ɗabi'a ba su da wurin ajiya a kara. Ganyensu na jere ne sahu biyu, dama da hagu, kamar kitson igiya, saiwoyi kuma na ɓullowa daga jikin karan tsakanin ganyaye, su manne wa ɓawon itacen. Misalinsu a dajin Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Calyptrochilum christyanum, mai kara da kan reto daga reshe.

Hanya ta biyu ta citta ce, ko ayaba. Kowane kara yana girma ya kai iyakarsa ya tsaya, sai sabon toho ya fito daga gindinsa, shi ma ya kai iyaka ya tsaya. Da haka tsiron ke tafiya gefe, yana yin tsumbu. Galibin masu wannan hanya karansu a kumbure yake, cike da ruwa da abinci, kamar rumbun da manomi ya tanada don rani. A nan za a kira shi karan ajiya. Siffarsa ce babbar alamar rarrabewa: wani dogo ne kamar rake, wani gajere kamar ƙwai, wani kuma a binne yake cikin ƙasa kamar dankali.

Akwai wata alama ta saiwa da ba ta ɓata. Okid da ke zaune a kan itace saiwarsa kakkaura ce, fara, lulluɓe da wani rufi mai kama da soso. In ta bushe fara ce fat, in aka zuba mata ruwa takan tsotse shi nan take, sau da yawa ma ta koma kore-kore. Da wannan rufi take kama ruwan sama da raɓa. Ba ta huda itacen, ba ta shan ruwansa. Haya kawai ta kama.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kauci, domin shi ne tsiron kan itace da kowa ya sani a ƙasar Hausa, har ana kiransa da sunan mai masaukinsa: kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya, kaucin kaɗanya. Kauci ba okid ba ne ko kusa. Karansa itace ne mai rassa, mai saurin karyewa. Inda ya haɗu da reshen da ya hau akwai kumburi kamar ƙari, domin ya kutsa cikin itacen yana shan ruwansa, kuma in ya yi yawa yakan busar da reshen. Furensa kamar tsinken ashana yake. Wanda ya ɗaga tsiro daga reshe ya ga fararen saiwoyi kwance a kan ɓawo, to ba kauci ya riƙe ba.

Ganye

Jijiyoyin ganyen okid a miƙe suke daga gindi zuwa baki, kamar na dawa da gero, ba su yin raga irin ta ganyen wake ko kuɓewa. Gefen ganyen kuma sumul yake, ba haƙora. Bayan wannan, sai a duba ninki. Akwai ganye mai ninki ɗaya tak a tsakiya, kamar takardar da aka naɗe biyu. Irin wannan yakan yi kauri da tauri kamar fata, kuma shi aka fi gani ga masu hanyar dabino. A wasunsu, har da wanda aka ambata a sama, bakin ganyen a tsage yake gida biyu, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar an gutsure shi. Akwai kuma ganye mai ninki da yawa a tsaye, mai jijiyoyi da suka taso ana jin su da yatsa. Wanda yake son ganin wannan siffa ba sai ya je kurmi ba. Ya duba ganyen farko na ƙwallon dabinon da ya tsira a gindin bango bayan damina, ko na ƙodagon giginya. Kamar an yi su da ma'auni ɗaya.

Murucin bisa

Tsiron da Dalziel ya ɗora wa sunayen nan biyu shi ne wanda masana ke kira Ansellia africana a yau. An ba shi sunan John Ansell, wani mai kula da lambu da ya biyo ayarin Ingilishi na binciken Kogin Kwara a 1841, ya same shi a kan bishiyar kwakwa a tsibirin Farnando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko. Masani John Lindley ne ya raɗa sunan a 1844. Yana bazu a ƙasashen Afirka da yawa, kuma yana cikin okid masu jure fari.

Yana bin hanyar citta. Karan ajiyarsa dogo ne mai gaɓoɓi, ya ɗan kumbura a tsakiya ya tsuke a kai da gindi, yakan kai kamu ɗaya ko fiye. Sabon kara kore ne lulluɓe da busassun riguna kamar takarda. Tsoho kuwa yakan zubar da ganye, ya koma ruwan ɗorawa, ya yi tsaga-tsaga a tsaye, amma ya ci gaba da zama a cikin tsumbun. Ganyayen suna can wajen kai, dogaye masu tsini, da jijiyoyi a tashe. Abin da ya fi komai bayyana shi tun daga nesa shi ne saiwarsa iri biyu: masu kauri da suka rungumi itacen, da kuma sirara masu tsini da suka miƙe sama birjik kamar tsintsiya. Waɗannan na biyu su ne ke tare busassun ganyaye da ƙura, su ruɓe a nan su zama takinsa. Furen, idan ya zo da rani, rawaya ne mai ɗige-ɗigen ƙasa-ƙasa, shi ya sa Turawa suka danganta shi da damisa.

To, yanzu sai a koma ga sunan. Muruci, kamar yadda aka sani, shi ne tohon giginya da ake tonowa a dafa a ci, dogo, mai kumburi a tsakiya, mai tsukewa a baki. Wanda ya ɗora tsohon karan wannan okid kusa da dafaffen muruci zai ga inda sunan ya fito. Ganyen ma, kamar yadda aka nuna, kusan ɗaya ne da na ƙaramar giginya. Bambancin kawai, muruci na nutsawa ƙasa ne, wannan kuwa ya hau bisa. Watau wanda ya fara cewa murucin bisa ya taƙaita siffar kara, da siffar ganye, da mazaunin tsiron, duka a kalma biyu, kuma bai jira fure ba. Lalle da wuya masani ya fi shi iya kwatance.

Wannan salo na raɗa suna ta kamanni sananne ne a Hausa. Akan ɗauki abin gida da kowa ya sani a jingina shi ga wata dabba ko wani wuri, don a nuna kama ce kawai, ba shi ba ne: albasar kwaɗi, albasar kura, giginyar biri, dabinon biri, gatarin kurege. Irin waɗannan sunaye jagora ne ga ido.

Manta-uwa kuwa wani gini ne dabam. Harɗaɗɗen suna ne na aikatau da karɓau, ɗan uwan cika-gida da bi-ni-da-zugu da sha-ni-ka-san-ni. Ba ya faɗin yadda tsiro yake, sai abin da ake zaton yana yi. Magani ne da ake ba yaro a lokacin yaye don ya daina ƙulafucin nono. Ana iya hasashen dalilin da ya sa aka zaɓi wannan okid: tsiro ne da ya rabu da ƙasa, uwar kowane tsiro, ya kuma rayu lafiya, don haka ake fatan yaro ya kwaikwaye shi. Hasashen yana da daɗin ji, sai dai bai gamsar duka ba, domin Dalziel ya nuna cewa sunan ya hau kan wani tsiro kuma, wanda masana ke kira Crotalaria arenaria, shi kuwa a ƙasa yake, cikin rairayi irin na jigayin da suka ba jihar nan sunanta.

Rarrabe su ba wuya ga mai dubawa. Manta-uwa na rairayi ɗan guntun tsiro ne dangin wake, mai siraran rassa masu gashi-gashi, da ƙananan ganyaye, da 'yan kwanso. Ba shi da karan ajiya, ba shi da farar saiwa mai soso. Amma idan an daka, gari gari ne, suna kuma ɗaya. Abin da ya sa batun ya zama na kulawa shi ne likitoci sun tabbatar da cewa da yawa daga cikin 'yan uwan wannan tsiro na rairayi, watau jinsin Crotalaria, suna ɗauke da wani dafi mai lalata hanta sannu a hankali, a jikin mutum da na dabba. Uwar da ta sayi ƙullin gari da sunan manta-uwa ba ta da hanyar sanin abin da ke ciki. Ɗalibin da ya rubuta a littafinsa cewa manta-uwa wani tsiro ne da ake ba yara, ya tsaya a nan, bai ƙare ta da komai ba.

Masu fitowa a ƙasa

Okid na ƙasa sun fi wuyar ganewa, domin rabin shekara ba a ganin komai nasu a sarari. Mafi yawa a dajin savana su ne jinsin Eulophia. Ɗaya daga cikinsu, Eulophia cristata, yakan fitar da dogon tsinken fure mai ruwan shuɗi-shuɗi da ja-ja a ƙarshen rani, sau da yawa bayan gobarar daji, alhali ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Sai damina ta kankama ganyen zai biyo baya, dogo siriri mai ninki da yawa, wanda ba a bambanta shi da ciyawa sai an shafa. Ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa, dunƙule-dunƙule a jere kamar carbi, kowace shekara ana ƙara ɗaya. Wani kuma, Eulophia guineensis, mai son inuwar duwatsu ne. Karan ajiyarsa gajere ne mai tsini kamar ƙoƙon ludayi a kife, a tsumbu a saman ƙasa, ganyensa faffaɗa ne mai laushi, kuma ana samunsa tun daga Afirka ta Yamma har kudancin ƙasar Larabawa. Alamar da ta haɗa jinsin ita ce tsinken fure daga gefen gindi yake fitowa, ba daga tsakiyar ganye ba, kuma busasshen tsinken bara kan tsaya ya ba da shaida.

Jinsin Habenaria dabam yake. Masu son damshi ne, kara ɗaya mai taushi, ganye mai laushi marar ninki yana rungume da karan, fure a can kai. A gindinsu ne ake samun 'yan dunƙulen nan biyu da Girkawa suka gani: ɗaya ya yamushe don an ci abincinsa bana, ɗaya cike don baɗi.

Abokan rikicin waɗannan su ne tsirrai masu albasa da masu rogo na daji, kuma wasunsu guba ne. Albasar kwaɗi da albasar kura, in aka yanka gindinsu, za a ga ɓawo a kan ɓawo kamar albasar miya. Na okid kuwa curi ɗaya ne, ba hawa-hawa, sau da yawa da yauƙi. Mafi haɗari shi ne baurairai, wanda ake kuma kira gatarin kurege saboda saiwarsa ta lanƙwashe kamar gatari da ƙotarsa. Jijiyoyin ganyensa su ma a miƙe suke, don haka mai gaggawa na iya ruɗuwa. Amma ganyen da kansa yake tona asirinsa: bakinsa yakan zarce ya zama siririn zare, ya nannaɗe kamar ƙugiya, da shi tsiron ke kama ciyawa yana hawa. Wannan saiwa tana da dafin da likitoci ke kira kolcisin, mai sa amai da gudawa, wanda kaɗan daga cikinsa kan yi kisa.

Ga mai fita nazari

Ɗalibin da ya fita tattara sunayen tsirrai a ƙauyukan Dutse ko Birnin Kudu zai fi cin riba idan ya roƙi mai ba shi bayani ya kai shi inda tsiron yake. Makiyaya da mafarauta da mata masu tsintar ganye sun fi kowa sanin wuraren. A rubuta sunan yadda aka furta shi, da garin da aka ji shi, da ko akwai wani tsiron da ake kira haka. Sa'an nan a rubuta abin da ido ya gani: a kan itace ne ko a ƙasa, wane itace, kara ɗaya ne ko tsumbu, akwai kumburi ko babu, ninkin ganye ɗaya ne ko da yawa, yaya bakinsa yake. Hoto ɗaya na gindi da ɗaya na ganye, tare da ɗan ma'auni a gefe, sun isa masani a sashen ilmin tsirrai na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Bayero ya kusanci sunan kimiyya.

Kada a tuge tsiron. Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci irin na ƙwayar gero, kuma a daji ba ya tsira sai ya gamu da wani nau'in naman gwari mai siririn zare da zai ciyar da shi. Daga tsira zuwa furen farko akan ɗauki shekaru. Tsumbun murucin bisa da ya cika hannu biyu ya daɗe a kan reshen nan, kuma yawan tugewa don magani da ado, haɗe da sare manyan itatuwa, ya rage shi a wurare da dama na Afirka. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sa dukkan dangin okid cikin tsirran da ba a ƙetare iyakar ƙasa da na dajinsu sai da takardar izini. Idan lalle ana bukatar samfuri, tsohon kara ɗaya da ganye ɗaya sun wadatar. A matse su tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora nauyi, a riƙa sauya takardar kullum har su bushe, domin karan ajiya yana da ruwa, in aka bar shi cikin takarda ɗaya ruɓewa zai yi.